Rabin Ƙwayar Yaya Haruna

Shekara ashirin da shida ke nan da rasuwar yayana Haruna a Madarumfa, kuma har yau in na ga reza sai gabana ya faɗi.

Masunci ne a tafki, mutumin da bai iya cin abu shi kaɗai ba. Ko goro ɗaya ne a aljihunsa, sai ya ɓare shi biyu kafin ya kai baki. Haka aka rene mu. A gidanmu gara a ce maka matsiyaci da a ce maka marowaci.

A ƙarshen shekarun casa'in idanunsa suka yi ɗorawa. Muka ce ciwon shawara ne, aka yi ta jiƙa masa saiwoyi har cikinsa ya fara kumbura. Da aka kai shi Maraɗi aka auna jini, likita ya ce ciwon hanta ne, irin wanda ake kira B, a kawo 'yan ɗakinsu. Aka auna ni, aka samu. Ni ina koyarwata a lakwal, wato makarantar boko, garau nake, shi kuwa hantarsa ta riga ta jigata. Likitan ya sha wuya ya samo masa wani sabon magani daga waje, ƙwaya ɗaya kowace safiya, ya ce ni tukuna ban kai ga buƙata ba.

Da muka koma gida Yaya ya aje kwalbar bisa tabarma ya ce, "Hadiza, ciki guda muka hito, ciwo guda gare mu. In sha, ke ki zamna kina kallona? Ɗauko reza."

Na ɗauko. Ni da na yi boko, ni da ya kamata in ce a'a, ni ce mai raba ƙwayar kowace safiya, ya sha rabi in sha rabi, har ina alfahari da yadda hannuna ya iya daidaita rabi da rabi. Kwalbar tana ƙarewa a kan lokacinta, saboda haka likita bai taɓa zargin komai ba. Idanun Yaya suka washe, ya koma jirginsa, muka yi ta godiya ga Allah. Bayan shekara guda da wani abu ciwon ya dawo da ƙarfinsa. Likita ya ce maganin ya daina kama cutar, kuma ba shi da wani a bayansa. Yaya ya cika da kaka, ana tsakiyar yankan hatsi.

Yau ɗiyata Rabi tana aikin binciken ƙwayoyin cuta a ɗakin gwaji. Ita ta bayyana mini cewa ƙwayar cutar da ke kawo wannan ciwo tana sauya kamanni. In magani ya danne ta bai gama da ita ba, waɗanda suka tsira su ke hayayyafa, su kuma maganin bai ƙara yi musu komai. Na faɗa mata zancen reza. Ta ce, "Inna, wancan maganin na farko, ko an sha shi cikakke cutar takan saba da shi." Na san lallashina take yi, ko da gaskiya ta faɗa.

Da Yaya zai leƙo yau, zai yi murnar ganin an samo magungunan da cutar ba ta saurin sabawa da su. Ɗaya daga cikinsu nake sha. Amma na san zai tambaya ko duk masunta na samu, amsar kuwa a'a ce.

Bai bar gida ba, bai bar gona ba, halin nan nasa kawai ya bar mana. Watan jiya maƙwabciyata, da aka ce tana da irin ciwona, ta shigo ta ce in sam mata daga cikin ƙwayoyina. Na ji muryarsa sarai a kunnena. Na hana ta, na ɗauki mayafi na raka ta wurin likita. Har yanzu da ƙyar take amsa gaisuwata, kuma na ji ana cewa ƙanwar Haruna ba ta gado shi ba.