Farar Ƙasa a Filin Su Marko

A Tottenham, lokacin sanyi, ƙarfe huɗu ake magariba. Muna idar da salla Kaka za ta ja kujerarta gaban hitar kananzir, ni da ƙanwata mu zauna a ƙafafunta. Aikin ido ne ya kawo ta London, a shekarun da kuɗin mai suka yi yawa a gida, gwamnati na tura ɗalibai waje. Baba na cikinsu. Sau biyu yana faɗuwa jarrabawar injiniya, saura dama ɗaya, ya kuma ce ba zai sake zaunawa ba. Abokansa sun koma Kano suna shiga Marsandi. Shi kuwa sai safa da marwa, daga taga zuwa ƙofa, littattafansa a ɗaure cikin kwali.

Tatsuniyoyin gida duk mun haddace su. Sabuwar daga wurin Marko ta fito, tsohon da ke ƙasan benenmu, mutumin Kuroshiya. Ƙanwarsa kan aiko masa da yankin jarida kan ƙungiyar ƙwallon ƙauyensu. Yana ba da labari, ina fassara wa Kaka, ita kuma ta sa ni rubutawa da ajami a bayan kalanda: sun hau rukuni na gaba, sun sauka.

"Ga ta nan, daga ƙasar Marko ta taso," in ji Kaka, da murya yadda Baba zai ji.

Wai manoma ne suka kafa ƙungiyar a bakin kogi. Suka hau rukuni na gaba, aka yi ta kiɗa, shekara na zagayowa suka faɗo. Suka sake hawa, ƙungiyoyin birni suka kwashe gwanayensu. Kogi ya ci filin, suka koma rukunin can ƙasa. Amma akwai wani wanzami, duk farkon kakar wasa sai ya ɗauki bokitin farar ƙasa ya ja layukan filin, ko an hau ko an sauka.

"Inna, ƙwallon da ba ki taɓa gani ba?" in ji Baba daga bakin taga.

"Kai da ka gani, me ka ci?"

Na ce, "Kaka, sun ɗauki kofi a ƙarshe?"

"Ko cokali ba su ɗauka ba, 'yar nan."

Baba ya tsaya. "To ina amfanin labarin?"

"Filin bai zama gona ba. Ranar da wanzami ya ajiye bokiti, washegari a shuka kabeji. Ƙurunƙus, kan wanda ya ji."

Bayan kwana biyu na ga an kwance kwalin Baba. Ya zauna jarrabawar, ya tsallake da ƙyar. A shekarar ƙungiyar su Marko ta sake faɗuwa, Kaka ta aike ni in yi masa jaje.

Na daɗe ina zaton darasin shi ne mai haƙuri yakan ci. Sai da na manyanta na tuna wanzamin bai ci komai ba. Hawa da sauka na Allah ne. Layin ne na wanzami, shi kuma ya ja.