Goge Motar Yaya

Motar yayana ta dawo gida Ƙaura ɗaure da igiya, wata motar tana jan ta. Shi an riga an kawo shi tun da hantsi, har an yi masa sutura. Direban haya ne tsakanin Ƙaura da Shinkafi, ranar kasuwa kuma yakan leƙa Moriki. A hanyar Zurmi 'yan bindiga suka tare su. Wasu fasinjojin sun tsira da rauni, wasu an shiga da su daji, shi kuwa a kan sitiyari aka same shi.

Muka tura ta gindin dalbejiyar ƙofar gida, muka lulluɓe ta da tamfol. Nan ta cinye damina. Kaji suka mayar da ƙarƙashinta makwanci, babu wanda ya kore su, don babu mai son kusantar wurin.

Da matarsa ta fita takaba sai ta sa aka kira ni. Ta ce, "Malam, ɗiyan ga ba su cin ƙarhe. A gyara motar ga a saishe ta."

Gaskiya ta faɗa. Sai dai duk tashar Ƙaura an san koriyar motar nan, an kuma san abin da ya faru a cikinta. Ba mai saye in ba an sake mata kama ba.

Na tafi gareji wurin mai fenti, abokin Yaya ne tun suna makarantar allo. Ya saurare ni yana goge hannu da tsumma. Ya ce, "Hwenti ni ka hesa mata, kuma ba ni amsar komi. Amma gugar, ka yi haƙuri. Ba ni iya kwana ina shahwar jikin motar ga." Ya juya ya shiga rumfa, ya daɗe, sannan ya fito da samfefa mai kaushi da mai laushi da gwangwanin fila, wato abin da ake cike lotsawar jikin mota da shi. Ya nuna mini yadda ake yi a jikin wata tsohuwar ƙofa. A wanke ta tas, a cire fitilu da bamba da lamba, a goge har tafin hannu ya daina jin tudu ko kwari.

Ni malamin firamare ne, abin da hannuna ya sani alli ne. Kullum bayan la'asar nakan tuɓe riga in ɗebo ruwa a bokiti in kama. Kafin mako ya zagayo tafina ya yi kanta, yatsuna sun daina jin zafin tuwo. Mai walda ya zo har gida ya toshe hujojin harsashi, ni kuma na bi su da fila, in ta bushe in goge, in shafa, in sake gogewa. Ruwan da ke gangarowa kore shar yake bin kwata, maƙwabta su tsallake, su ce mini sannu da aiki, su wuce.

Ranar da na cire kujerun baya na tarar da ƙwallayen dabino, da ɓarin goro da ya bushe, da takalmin roba na mace, wari ɗaya. Ba na gidanmu ba ne. Na kai shi tasha na ba 'yan kamasho, suka rataye shi a ƙusa cikin rumfarsu ko wani zai gane.

Ƙofar direba na bari ƙarshe. A bakin tagar akwai wani wuri da fenti ya suɗe har ƙarfe ya fito yana sheƙi. Nan yake ɗora gwiwar hannunsa in yana tuƙi, shekara da shekaru. Ina tsaye da samfefa a hannu sai Inna, mahaifiyarmu, ta fito. Tun da aka kawo motar ba ta taɓa kusantarta ba, ko unguwa za ta sai ta bi ta ƙofar baya.

Ta sa yatsa a wurin. Ta ce, "Har nan za ka goge?"

Na ce, "Inna, in ban goge ba hwenti bai kamawa."

Ta ci gaba da shafa wurin da yatsa. Can ta ce, "Ba ni."

Na miƙa mata. Ta tsoma samfefar a ruwa kamar yadda ta ga ina yi ta kafar zaure, ta fara gugawa a hankali. Ba ta da ƙarfin da zai ci ƙarfe, amma ban karɓa ba. Tana yi tana magana ƙasa-ƙasa, ba da ni ba. Na ji tana cewa, "Na ce maka ka bari sai anka ji labarin hanya." Har aka kira magariba tana wurin. Sannan ta wanke hannu a bokitin ta shiga gida.

Washegari na ƙarasa, na rufe gilasai da tsofaffin jaridu da salatef, muka ja ta zuwa gareji. Farin fenti aka yi mata. Da na je ɗauka sai da na wuce ta ban gane ba.

Wani dattijo daga Shinkafi ya zo saye. Ya kewaya ta, ya ƙwanƙwasa nan da can, ya tambaye ni ko ta taɓa haɗari. Na faɗa masa komai, ban rage ba. Ya cire hula ya shafa kai, ya yi wa Yaya addu'a, ya ce shi ma ƙanensa yana hannun 'yan bindigar tun kaka, ba labari. Bai nemi ragi ba. Ya tayar da ita ya kama hanyar arewa, ni kuma na hau babur na koma gida.

Inna tana kan tabarma tana tsince wake. Ta ce, "Ta tahi?"

Na ce ta tafi.

"Wa ad da ita yanzu?"

Na ce wani bawan Allah ne, mutumin kirki.

Ta ce, "Allah shi tsare shi." Ta turo mini tiren waken, na zauna muka ci gaba da tsinta.