Baba Kujera da Sashe na Tara

Shekara talatin da ɗaya babanmu ya yi yana jera kujeru a zauren majalisar jami'a, bai taɓa zama a kan ko ɗaya ba. Baba Kujera ake ce masa. Ni sunan haushi yake ba ni, shi kuwa har washe baki yake yi.

Saura shekara bakwai ya ajiye aiki aka taso da maganar gyara tsarin mulkin jami'a: wa zai zaɓi shugaba, su wa za su zauna a majalisa. Wani ya manta kundin gyaran a kan tebur, Baba ya kawo gida na karanta masa. Ina kaiwa sashe na tara ya ce in tsaya haka nan. Sashen cewa ya yi a soke aikin mai jera kujeru, kowa ya ja tasa. In aikin ya tafi, gidan ma'aikatan da muke ciki ya tafi. Innarmu ta ɗora hannu a ka. Baba ya ce ta sauke hannun ta zubo masa abinci.

Ashe mutumin nan ya san kujerunsa fiye da yadda ya san mu. Shi ke ajiye katin sunan kowa. Farfesan tarihi, wanda ba ya iya cewa ya yarda sai ya faro daga ranar da aka kafa jami'ar, Baba ya kai katinsa gaban makirfo ɗaya tilo mai aiki. Daktan da ya fi kowa zafin gyara kuwa, Baba ya sa shi ƙarƙashin na'urar sanyi, ga gorar ruwa biyu a gabansa, duk rabin awa sai ya nufi bayi. Shugabannin tsangaya biyu da ba sa ga-maciji ya haɗa su kafaɗa da kafaɗa. Shugaban jami'a kuwa kujera mai laushi ya samu, ko minti ashirin ba ya yi sai gyangyaɗi.

Shekara bakwai ana taro, ba a taɓa wuce sashe na huɗu ba. Masana suna ta rubuce-rubuce wai rikicin aƙida ne. Aƙidar me? Babanmu ne kawai.

Ranar aikinsa ta ƙarshe ya ce bari ya rabu da mutane lafiya, ya jera kowa yadda ya kamata. Cikin minti arba'in aka amince da kundin duka. Magatakarda ya fito ya kama hannunsa.

"Kash, Baba, ina ma tun tuni aka yi wannan. Sashe na goma ya ba ƙananan ma'aikata kujera a majalisa, ta wanda ya fi kowa daɗewa a aiki, da gidansa da komai. Da duk shekarun nan taka ce."

Wallahi da ya dawo gida ya ba mu labari, tausayinsa ya kama ni, dariya kuma tana cina. Yana tsaye ya juyo ya dube ni.

"Ke, me ya sa kika tsaya a tara?"

Na ce ai shi ya ce in tsaya. Innarmu ta turo masa kujera da ƙafa. Ya kalli kujerar, ya gyara mata tsayuwa a jikin bango, ya zauna a ƙasa.