Ƙofar Barikin da Kakanmu Ya Tsare

Ranar Talata ce. Ƙarfe shida na safe ina bandar kifi a bayan gida, Baba yana kan tabarma da rediyonsa. Zangonmu yana gindin tsohon barikin Turawa, a bakin teku. Turawa ne suka kwaso kakanninmu daga Arewa su tsare musu shi. Sojojin suka kafa bukkoki a jikin ganuwa, mahauta da masu goro suka biyo su, gari ya tashi. Bature ya tafi abinsa, ya bar mu da 'yan ƙasa waɗanda ba su manta wa muka riƙe wa bindiga ba.

Bakwai da kwata na ji ganga daga wajen kwale-kwale. Sai ƙarar adda a kan kwanon rufi, sai warin fetur. 'Yan ƙasa ne suka taso mana.

"Ku fita! Ku koma inda kuka fito!"

Ina ke nan? A ɗakin nan aka yanke mini cibiya, haka Baba.

Maƙwabta suka yi tashar mota, mu muka yi tudun bariki. A gidanmu tun zamanin kaka, in hankali ya tashi bariki ake gudu, don soja ba ya rufe wa iyalin soja ƙofa. Baba ya ɗauki lambar soja ta tagulla ta kakansa, ya kama hanya yana ɗingishi. Na san barikin ya zama gidan tarihi, 'yan yawon buɗe ido ke shigarsa. Na sani sarai, amma na bi shi. Abin da ke cina ke nan har yau.

Bakwai da rabi muka isa. Ƙofa a garƙame, sai tara ake buɗewa. Baba ya yi ta buga ƙarfen da lambar. Mai gadi ya leƙo ta taga, ya janye kansa. Takun mutane ya matso.

Baba ya ce, "Hadiza, bi bakin ruwa! Gudu!"

Na gudu. Ina cikin yashi ina jin bugun. Kafin in kai duwatsu bugun ya tsaya. Kwana biyu na yi a bayan motar gawayi, ƙafa ba takalmi.

Yau shekarata tara a birnin Greensboro na Amurka, ina gyaran ɗakuna a wani otal a titin Gate City Boulevard. Watan jiya abokiyar aikina, baƙar fata 'yar nan, ta dawo daga ziyarar inda aka kwashi kakanninta bayi. Ta nuna mini hoto a waya. Ƙofar barikin nan ce, a buɗe, an yi mata sabon fenti. Ta ce ta sha kuka a wurin. Na ƙirga matakan ƙofar. Huɗu ne. A na uku na bar Baba.