Tsaga Uku a Ƙyauren Motar Soja

Sunan da ake kirana da shi a ƙauyenmu Karare ba shi liman ya raɗa mini ba. Kakata ta wajen uba ce ta laƙaba mini, irin sunan nan da ake ba yaron da ubansa ya rasu yana ciki. Duk wanda ya ji shi ya san labarina tun ban buɗe baki ba. Na ci tuwon tausayi da shi a gidaje da yawa, har taƙama nake yi.

Ubana masassaƙi ne. Lokacin yaƙin Bama, wato yaƙin duniya na biyu, aka zo neman masu aikin itace, domin motocin soja inji da ƙafafu kawai suke zuwa daga ƙasar Turawa, a nan ake ƙera musu bodin katako. Ya tafi Zariya ya bar inna da ciki wata huɗu. Da aka ji shiru, baffana, wato ƙanensa, ya je dubo shi. Ya dawo ya ce zazzaɓi ya kashe shi, har an binne. Inna ta yi takaba har ta haife ni, kuma ba ta sake aure ba. Abin da ya bar mata turmi ne mai tsaga uku da ɗigo a gindi, alamar da yake sa wa duk abin da ya sassaƙa.

Ina shekara goma sha uku, Turawa ba su tafi ba tukuna, tsofaffin motocin sojan nan sun koma hannun 'yan kasuwa, suna zuwa Batsari ɗaukar gyaɗa. Wata ranar kasuwa ni da inna muka kai tamu. Ina kiciniyar ɗaga buhu sai na ga ta tsaya tana shafa ƙyauren bayan motar. Tsaga uku da ɗigo. Na ce ai aikinsa ne na da, Allah Ya jiƙansa. Ta sunkuya ta sansana katakon. Ta zauna da masassaƙi, ta san ƙanshin sabon itace.

Ta tambayi direban. Ya ce wancan watan ƙyauren ya karye, wani kafinta mutumin ƙasar Katsina ya sa masa sabo a Zariya, mai tabon gizago a babban yatsan hagu. Inna ta san wannan tabon a hannun ubana. Har yabon aikinsa ya yi mana.

Inna ba ta yi kuka a kasuwa ba. Muna isa gida ta mirgino turmin ta ajiye a gaban baffa, ta tsaya a kansa. Bai ko yi musu ba. Ya ce yayansa ne ya sa shi rantsuwa: ya gaji da noma, ya ga gari, ba zai dawo ba, a ce ya mutu ya fi sauƙi. Kakata ma ta sani. Ita ta zaɓi sunan don ƙaryar ta zauna da gindinta. Wannan ya fi ƙona mini rai. Matar da take goya ni, tana kiran sunan tana share hawaye! Har ta koma ga Allah ban sake cin abincin ɗakinta ba.

Kasuwa ta zagayo, na hau bayan motar nan a kan buhunan gyaɗa. Direban ya kai ni Zariya har bakin rumfar kafintan. Na tarar da wani gajeren mutum mai irin goshina yana goge katako. Na durƙusa na gaishe shi, na ce daga Karare nake. Ya dube ni, ya ƙara dubawa.

“Yaro, mi sunanka?”

Ina da sunan yanka mai kyau, na Annabi ne ma. Amma wancan na faɗa masa, da ƙarfi, yadda maƙwabtansa za su ji. Ya ajiye abin gugar a hankali, ya ce in shigo inuwa in sha ruwa.

Na ce, “A'a, baba. Kabari na zo gani, kuma na gani.”