Ranar da Na Shigar da Umma Kabarin Fir'auna

Shekarun baya, wata bakwai da rasuwar mahaifina, na ɗauki mahaifiyata da ƙanwata muka tafi birnin Luxor na ƙasar Masar yawon buɗe ido. Tun da aka binne Baba a Birmingham ta Ingila, inda muke zaune, Umma ta daina fita ko da shagon unguwar Lozells inda take sayen kuɓewa. Ni kuwa, da iyayina na likita, na yanke cewa rana da iskar kogin Nilu ne maganinta. Da na ce Masar za mu, sai ta ɗauka ziyarar addini ce, ta haɗa carbi da hijabai uku.

Tun ranar farko kai ya ɗaure. Muna tsaye a wani tsohon gini, cikin wasu ginshiƙai masu tsawon gidan sama, ga gumaka sun yi sahu, sai kiran sallar azahar ya tashi daga masallacin da aka gina a kan tsohon ginin.

"Likita," in ji ta, don ba ta kiran sunan ɗan fari, "nan masallaci ne ko gidan tsafi?"

Na ce duka biyun ne. Ta ce to me muka zo yi wa gumakan? Na ce kallo. Ta ce, "Kallon me?" Wallahi ni ma ban sani ba.

Washegari muka haye kogi zuwa wasu duwatsu. Mai yi mana jagora yana ta zuba Turanci, ni ina fassara abin da na ga dama. Muka gangara wani dogon rami mai zane har rufi. Umma ma ta yaba fentin, wai bai koɗe ba kamar na ɗakin girkinmu. Na ji daɗi, na ce magani ya fara aiki. A ƙarshen ramin muka tarar da ƙaton akwatin dutse.

"Wannan na ajiyar hatsi ne?"

Ƙanwata ta harare ni. "Yaya, seriously? Ba ka gaya mata ba? Umma, tomb ne fa. Kabarin sarkinsu ne."

Umma ta riƙe bango. Ta soma sallamar da ake yi wa mamata, ta katse a tsakiya, don ba ta san ko ana yi wa irinsu ba. Ta yi a'uziyya, ita ma ta bari. A gidanmu mata ba sa zuwa maƙabarta. Ranar jana'izar Baba a bakin ƙofa ta tsaya har motar gawar ta sha kwana, ni kuma duk Juma'a ina zuwa kabarinsa, ban taɓa ce mata komai ba.

Muka fito, muka shiga kwalekwale don komawa. Na shirya shan faɗa.

"Na shiga kabarin Fir'auna da ƙafata," ta ce, "amma ban san inda mijina yake kwance ba. Akwai bishiya a wurin?"

Na ce akwai.

"In mun koma ka kai ni."

Har yau ban san ko kuskure na yi ko daidai ba. Abin da ke cina shi ne wata bakwai ina auna mata hawan jini, ban taɓa tambayarta me take so ba. Ashe wurin da take son gani, minti goma sha biyar ne daga gidanmu na unguwar Perry Barr.