Gitar Marigayi ta Badaguishiri

Ana sallame sallar asuba munka fito bakin kwalta a Tsarnawa, mu uku: ni, da autan gidanmu mai kaɗa gita a bukukuwa, da abokinsa mai ganga. Ku da kunka san ni kun san ba ni da ƙafa. Kasuwar garinmu ma sai an yi da gaske nake leƙa ta, har maigidana da na nemi izini sai da ya tambaye ni ko lafiya. To ga dalili.

Gitar auta ta faɗo daga kan kabu-kabu, wuyanta ya tsage. Ga shi bayan kaka ne, bukukuwa sun taso, kuma shugaban ƙungiyarsu ya ce mishi in Juma'a ta yi ba shi da gita mai lafiya a bikin da za su yi a Malbaza, akwai wani ɗan Konni da ke jiran wurin. Abin da auta ya tara na gita ɗaya ne tak. Kuma ɗayar nan sai ta yi komai, don bikin ƙasarmu ba kiɗa guda ake so ba. Buzaye na son sauti tsantsa mai tafiya a hankali. Tsoffi na son ta yi musu kamar gurmi. Mata na son mai taushi lokacin da ake fito da amarya, samari kuwa sai an yi musu mai nauyi irin wanda suke ji a waya. Ni lakwal, wato makarantar boko, ban wuce aji uku ba, ban san sunan tsirkiya ko guda ba, amma tun muna yara in ana daka a unguwa ina faɗa maka turmin gidan wa ne, da wadda ke riƙe da taɓarya. Auta ya ce, “Yaya, ni in na ga mai ƙyalli zan saya. Ki zo da kunnenki.”

Konni ba nisa, kafin rana ta yi zafi mun sauka. Garin nan kunnena ba ya son shi. Kabu-kabu ta ko'ina, masu canjin naira na kira, kowane shago da tashi waƙar. Munka ci masa da shayi a tasha, masar ta yi daɗi amma an ƙanƙanta ta, sai ka ce ana jin tausayin kasko. Daga nan munka shiga shagon wani Basakkwace mai sayar da kayan sauti a bayan kasuwa.

Ya sauko muna da gita uku. Ja anka fara gwadawa, auta har ya rungume ta. Nauyi kam akwai, amma da na ce ya yi na fitowar amarya sai ta yi kamar mai magana da tuwo a baki. Fara kuwa tas, Buzaye za su so ta, sai dai in yatsa ya hau can saman wuya akwai wani abu da ke zizi kamar ƙuda cikin kwalba. Mai shago ya ce, “Hajiya, janareto ne.” Na ce a cire wayar a kaɗa haka nan. Ƙudan yana nan. Ta ukun duk inda anka juya ta murya guda take da ita, kamar makwabciyata in tana faɗa.

Mutumin ya maida su, bai ji haushi sosai ba. Ya ce in gita mai yin komai muke nema, akwai ta wani makaɗi da ya rasu a Badaguishiri, matarsa na son rabuwa da ita. Ya ce shi ma ya je saye. Mai ganga ya ce to mi ya hana. Ya duƙa yana gyara wata waya da ba ta lalace ba, ya ce, “Ku dai je ku ji.”

Hanyar Badaguishiri ta Tsarnawa take bi, don haka sai ga ni ina wuce ƙofar garinmu cikin mota ina hangen itacen dogon yaro na gidana. Saura kaɗan in ce a sauke ni. Munka karya arewa hanyar Tawa. Rumbuna sun cika, an tara karan dawa bisa itatuwa, shanun Fulani na kiwo cikin gonakin da anka girbe. A bariya, wato shingen bincike, jandarma ya duba katinmu, ya buɗe jakar gitar da auta ya rataya ya ga ba komai ciki, ya ce, “Makaɗi ba gita, to da baki za ka yi?” Duk motar anka yi dariya, auta bai yi ba.

Gangarawa cikin kwarin Badaguishiri sai ido ya huta. Ga lambuna kore shar, albasa, shu wato kabeji, tumatir, salati, kuma da araha har na yi da-na-sanin rashin zuwa da buhu. Munka sha fura a bakin kasuwa, munka yi azahar, wani mai lambu ya nuna muna gidan da hannu daga nesa, bai raka mu ba.

Gidan yana ƙarshen gari, bayan lambuna. Abin da na fara lura da shi shiru ne. Ba kukan kaza, ba daka, ba rediyo, ko akuya babu. Ni da nake gane gida da motsinsa sai na ji kamar an toshe mini kunne da auduga. Matar ta fito, dattijuwa ce siririya, ta kusa sa'ar innarmu. Munka yi mata gaisuwar rashi. Ta ce ta daɗe da fita takaba, ƴaƴanta suna Tawa suna ta kiranta ta koma wurinsu, ba ta tafi ba. Ta ce mazan ma su shigo, don gitar ba ta fita ɗakin mijin ba tun ranar da ya rasu.

Tana rataye a ƙusa, an naɗe ta da zane. Da anka buɗe, baƙa ce, fentin ya goge inda hannu ke zama, kuma a wuyanta akwai ƴan ramuka inda yatsun mutumin sunka ci itacen. Auta ya aza yatsunsa sai sunka faɗa cikin ramukan daidai. Na ga ya janye hannu, ya sake mayarwa.

Ya ja babban yatsa bisa tsirkiyoyin, tun ba a sa waya ba. Gitar auta ko kwana biyu ta yi a rataye sai an murɗa kunnuwanta kafin ta dawo daidai. Wannan mai ita ya rasu tun kafin damina, zafi ya wuce ta kanta, ruwa ya wuce, amma ko tsirkiya ɗaya ba ta sauka ba. Na dubi auta, shi ma ya ji. Mai ganga ya matsa kusa da ƙofa.

Akwai ƙaramin ampili na marigayin, akwatin ƙara sauti, da batir a gefen gado, anka haɗa. Gitar tana da mikuro uku a ƙarƙashin tsirkiyoyi, su ne ke ɗaukar sauti, da wani ɗan ƙarfe da ake turawa gaba ko baya a zaɓi wanda zai yi aiki. Kusa da ƙarfen an yi zane-zane da bakin ƙusa. Matar ta nuna da yatsa ba ta taɓa ba. “Nan na Buzaye. Nan na tsoffi. Wanga na mata, wanga na yara masu hayaniya.” Auta ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa na rufe ido. A na Buzaye sautin ya fito tas kamar ruwan rijiya a cikin kwano. A na tsoffi ya tsuke ya yi hanci, wallahi ka ce gurmi ne. Na mata ya yi laushi har na tuna ranar da anka kai ni gidan miji. Na samari ya sa ƙura ta zubo daga rufin ɗaki. Ba ƙuda, ba tuwo a baki. Tun safe abin da muke nema ke nan.

Saura tsayawa ɗaya ta ɗan ƙarfen a ƙarshe, ita ba zane. Auta ya ce, “Inna, nan fa?” Ta ce, “Nan ba shi zuwa sai in shi ɗai ne.”

Ya tura. Bai kaɗa komai ba, amma ampili ya yi huci, can ƙasan hucin sai ga muryar namiji, siririya, daga nesa, yana magana a hankali. Na ji “Allah ya jiƙansa”, na ji “za a yi jana'iza”. Kafin in juya mai ganga yana tsakar gida. Auta ya zare wayar.

Ni dai na san irin muryar. Sanarwar rasuwa ce da ake karantawa a rediyo da rana, har da yadda mai karatun ke jan numfashi kafin sunan unguwa. Daga baya mai ganga da kansa ya ce wasu gitoci kan kamo tashar rediyo in wayarsu ta tsufa. Amma a ɗakin nan sanin bai hana ni ja baya daga gadon ba. Auta ya raɗa mini, “Yaya, mu koma mu ɗauki farar. Ƙudan nan ba wanda zai ji sai ke.”

Muna haka anka kira la'asar a masallacin bayan gida, da lasifika. Gitar na kwance bisa gado, ba waya, ba hannun kowa. Da ladan ya ja murya sai babbar tsirkiya ta amsa, ƙasa-ƙasa, ta daɗe tana gurnani bayan ya yi shiru. Auta bai ji ba. Na ɗaga kai na ga matar tana kallona, ta san na ji.

Na bi ta madafa na ce, “Inna, wa ke ɗaure mata tsirkiya?” Ta daɗe tana goge wani kwano mai tsabta. Ta ce, “Ni ce, ɗiyata. Ban iya kiɗa ba. Amma shekarun da na yi ina jin shi shina gyara ta kafin shi fita, in ta sauka ina ji har cikin haƙorana. Kowace Alhamis ina murɗawa har ta koma yadda ya bar ta. Na saida kajin don in riƙa jin ta. In ta kwana nan ba ni iya zuwa Tawa.” Ta ce Basakkwacen ya so ya canza tsirkiyoyi ya shafa sabon fenti ya rataye ta a shago, shi ya sa ta sa ya saurari tsayawar ƙarshe, shi kuma bai tsaya sallama ba.

Na koma na ce wa auta wannan ce, ba wata. Na ce farar za ta kai shi Juma'a ɗaya, wannan za ta kai shi shekaru, tsayawar ƙarshe kuwa ba wanda ya aike shi can. Ya sake aza yatsunsa cikin ramukan, ya ce to. Ba a yi ciniki a ɗakin mamaci ba, a zaure anka yi, kuma bai yi tsawo ba. Da za mu tafi ta riƙe hannuna, ba na auta ba, ta ce, “Tsirkiya ta uku ita ka fara sauka. Kaɗan ake murɗa ta.” Na karɓi lambarta. Ba ta raka mu ƙofa ba.

Mun iso Tsarnawa ana kiran magariba, da ƙullin albasa da gita a jaka. A mota mai ganga ya ƙi zama kusa da ita. Auta kuma ya ce ɗakinsa yana yoyo, a watan da ba ruwa, don haka a ɗakina ta kwana, kuma har yau nan take kwana in ba biki. Juma'a sun yi Malbaza, wurinsa yana hannunsa, an ce Buzaye da tsoffi har gardama sunka yi kan waɗanda ya fi yi wa kiɗa.

Abin da tafiyar nan ta koya mini, in za ku sayi gita ɗaya don kiɗa iri-iri, kada ku kalli fenti. Ku sa a kaɗa muku kowane iri a kanta, har wanda ba ku so, ku ji ta ba waya, ku bi wuyanta har sama, kuma ku tafi da wanda ba ya kiɗa amma yana ji. Na kuma gane zaman gida irin nawa yana iya riƙe mutum fiye da yadda yake zato.

Alhamis da ta wuce ina shara na ji tsirkiya ta ukun ta sauka. Na murɗa, na kira Inna, yanzu tana Tawa, ina jin jikoki da kaji a bayanta. Na aza wayar kusa da gitar na ja yatsa bisa tsirkiyoyin. Ta saurara. Can ta ce, “Ƙara kaɗan.” Na ƙara.